Daga Littafin Cefane Zuwa Zuba Jari: Matakan da Magidanci Zai Bi Ya Tsara Kuɗin Gidansa

Duk mai ɗaukar albashi a Kano ko Zariya ko Gusau ya san yadda ƙarshen wata yake. Alat ya shigo bayan la'asar, kafin isha'i an biya mai shagon unguwa bashin shinkafa da sabulu, an tura wa tsohuwa nata a ƙauye, an sayi katin wuta. Ranar goma ga wata kuma an koma gaban mai shago ana cewa, "Malam, rubuta." Wannan ba duka sakaci ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta taɓa dubu. Dala da gwamnati take sayarwa kusan naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. A Disambar shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, ma'ana naira 100,000 da aka ajiye ƙarƙashin katifa shekara guda, abin da za ta saya bai wuce na 74,000 a bara ba.

Farashi ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka shi ne jerin da kake bi wajen raba abin da ya shigo. Akasarin mutanen da na ga kuɗinsu ya salwanta ba ragwaye ba ne, tsallake suka yi: mutum ya sayi fili alhali babu kuɗin asibiti a ajiye, bayan wata huɗu yaro ya kwanta, ya sayar da filin a farashin da dillali ya ga dama. Saboda haka matakan nan a jere suke, kada a hau na gaba sai na baya ya zauna.

Mataki na farko: kwana talatin na rubutu

Ka sayi littafi irin na 'yan makaranta, ka ajiye shi inda kake ajiye hula. Kwana talatin, duk abin da ya fita ka rubuta shi a daren ranar, komai ƙanƙantarsa. Kuɗin cefane, kuɗin tara na yara, man babur, data, cajin mai POS, shayi da burodin majalisa, gudummawar biki, ankon uwargida, naira ɗari biyun da ka ba almajiri. A wannan watan kada ka rage komai, rubutu kawai. In ka fara tsuke hannu tun yanzu, littafin zai yi maka ƙarya.

Aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Uwargida ce ta san kwana nawa kwanon shinkafa yake yi, da ranar da gawayi yake ƙarewa, da abin da take cikawa daga kuɗin sana'arta ba tare da ta faɗa ba. Magidanta da yawa suna ɓoye wa matansu abin da suke samu don gudun kada buƙata ta ƙaru. A ganina akasin haka ke faruwa. Matar da ta ga lissafi da idonta ta fi kowa iya tattali, wadda aka bari a duhu kuwa tana zaton akwai.

Da wata ya cika, ka buɗe sabon shafi ka rubuta abubuwan da ba sa zuwa kowane wata amma ba sa fashi: haya, kuɗin makaranta, kayan azumi, ɗinkin salla, layya, taki idan kana noma. Waɗannan su ne suke kayar da gida, don ana ɗaukarsu kamar ba-zata alhali tun farkon shekara an san ranarsu. Mu ɗauki gidan da abin da ke shigowa, albashin maigida da ribar sana'ar uwargida, ya kama naira 150,000 a wata. Haya 240,000 ce a shekara, wato 20,000 a wata. Makarantar yara 45,000 kowane zango, 135,000 a shekara, 11,250 a wata. Azumi da salla biyu a ce 120,000, wato 10,000 a wata. Jimilla 41,250. Kuɗin da gidan nan yake da ikon ci a wata 108,750 ne, ba 150,000 ba. Ranar da alat ya shigo, wannan 41,250 ita za a fara cirewa a kai wani asusu daban, kafin a shiga kasuwa.

Zumunci ma a ba shi layinsa. A ƙasar Hausa ba a rufe ƙofa ga ɗan'uwa, kuma bai kamata a rufe ba. Amma idan ka ware masa adadi, ko da 8,000 ne, za ka bayar da zuciya ɗaya, in ya ƙare kuma ka ce "sai wata ya kama in Allah ya yarda" ba tare da ka yi ƙarya ba.

Mataki na biyu: raba uwar kuɗi da tukunya

Wannan na masu sana'a ne, mai tireda, mai ɗinki, mai awara da ƙosai, mai sayar da atamfa a cikin gida. Aljihu ɗaya shi ke cinye jari. Ciniki ya shigo, aka ɗebi na cefane, aka ɗebi na magani, kowa yana ganin kuɗi na juyawa, sai ranar saro kaya a tarar ba su kai ba. Ka yanka wa kanka albashi daga sana'ar, na rana ko na mako, ka tsaya a kansa. Uwargida, ke ma ki sami gwangwani biyu ko jaka biyu, ɗaya ta uwar kuɗi, ɗaya ta riba, kuma abin da yara suka ci daga kayan sayarwa a lissafa shi.

Akwai wani rami da hauhawar farashi ta haƙa wa ƙananan 'yan kasuwa. Ka saro katan a kan 10,000, ka sayar da shi 11,500, ka yi murnar ribar 1,500 har ka kashe ta. Ka koma kasuwar Singa ka tarar katan ya zama 12,000. Ba riba ka ci ba, faɗuwar 500 ka yi, ga kuma 1,500 da ka cire daga jari. Ka riƙa sa farashi da kuɗin da za ka sake saro kayan, kuma kada ka kira wani abu riba sai ka mayar da kaya kan kanta kamar yadda suke.

Mataki na uku: kuɗin ko-ta-kwana

Ciwo, haihuwar da ta zo da tiyata, babur ya lalace, albashi ya makara. Burin farko ka tara abin da zai ciyar da gida wata guda, daga nan ka ja shi zuwa wata uku. Idan 5,000 kawai za ka iya a wata, ka fara da ita. Wannan kuɗi ba na neman riba ba ne, ba a sayen rago da shi, ba a ba aboki ya juya. Amfaninsa kawai a same shi cikin dare.

Ka ajiye mafi yawansa a asusun da ba ka da katinsa kuma ba ya cikin wayarka. Mai gudun kuɗin ruwa yana da zaɓi yanzu: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Ka tabbata bankin yana ƙarƙashin hukumar inshorar ajiya ta NDIC. A 2024 hukumar ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikuro. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin shekarar, da wannan tsari aka biya masu ƙananan ajiya. Ɗan abin da zai yi cefanen mako kuma ya zauna a gida tsaba. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da mai kuɗi a banki ya kasa sayen tumatir, ba sai an yi masa bayani ba.

Ka tambayi tsarin taimakekeniyar lafiya na jiharku, kamar KSCHMA a Kano. Ɗan abin da ake biya a shekara ya fi sauƙi a kan sayar da akuya a ƙofar asibiti.

Mataki na huɗu: bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba duka ne iri ɗaya ba. Ka jera su a littafinka: wa ke binka, nawa, yaushe. Wanda yake haihuwa shi za a fara kashewa, musamman na manhajojin waya. Idan aka ce kashi 15 a wata, a shekara kashi 180 ke nan, kuma babu halastacciyar sana'ar da za ta biya wannan. Ga tozarci, don wasunsu sukan bi lambobin da ke wayarka su aika wa surukanka saƙo. Bayan shi sai na mai shago da na 'yan'uwa. Su ba sa ƙara ko kwabo, amma mutuncinka ne a ciki, kuma ranar tsanani wurinsu za ka koma. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka je da ƙafarka ka faɗi abin da za ka riƙa kawowa.

Wanda kai kake bi kuma, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne.

Mataki na biyar: adashi, da abin da ba ya yi

Adashi ya gina ɗakuna, ya aurar da 'yan mata, ya sayi kekunan ɗinki fiye da kowane banki a unguwanninmu. Ƙarfinsa kunya ce, ba ka son a ce kai ne ka kasa zubi. Sai dai a fahimci lissafinsa. Mutum goma suna zuba 20,000 a wata, kowa zai kwashi 200,000. Wanda ya fara ɗauka ya sami rance marar ruwa. Na ƙarshe kuwa shi ya ba kowa rance, kuma 200,000 ɗinsa bayan wata goma ba za ta sayi abin da ta na farko ta saya ba. Don haka a lokacin tsada gajeren zagaye ya fi, kuma a riƙa juya jeri: wanda ya zo ƙarshe bana ya zo farko a zagaye na gaba.

Kafin kwasarka ta zo ka san inda za ta, in ba haka ba za ta narke a hannu cikin kwana uku. Uwar adashi ta kasance mai mazauni sananne, a rubuta sunaye da ranaku, kowane zubi a sa hannu ko a tura ta banki don shaida ta zauna. Mai zagayawa kasuwa yana karɓar zubin kullum kuma, da yake ɗaukar na rana ɗaya ladan aikinsa, ka sani kusan kashi 3 cikin 100 kake biya duk wata don a riƙe maka kuɗinka.

Mataki na shida: inda rarar za ta zauna

Sai yanzu aka zo maganar jari, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tambaya ta farko ga kowane kuɗi ita ce yaushe za ka buƙace shi. Na wata shida daban, na shekara biyar daban.

Hatsin gida shi ne jarin da na fi ba kowane magidanci shawara. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, masara da gero da dawa da wake suna sauka, da bazara zuwa tsakiyar damina kuma sukan hau. Wanda ya sayi abincin gidansa na wata shida da kaka ya cire kansa daga wannan hawa. Amma ajiya tana da ƙa'ida. Na taɓa sayen buhun wake biyu na jingine su a ɗaki a buhunsu na kasuwa, wata uku na kwance bakin ɗaya, gari ya biyo hannuna, ƙwari sun huda kusan kowace ƙwaya. Hatsi ya bushe sosai, a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango. Ba ya buƙatar maganin ƙwari. Sayen hatsi don a sayar da riba kuwa wata magana ce. Waɗanda suka tara masara da tsada a ƙarshen 2024 suna jiran ta ƙara hawa sun sha mamaki a 2025, farashi ya faɗo bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci. Ga kuma gargaɗin malamai game da ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin yunwa.

Kiwo jarin iyayenmu ne. Rago da aka saya ƙarami wata biyar ko shida kafin babbar salla yana iya kawo riba, idan an lissafa dusa da kowa da harawa da allura, don su ne suke cinye ribar ba a sani ba. Akuya ta fi haƙuri, tana haihuwa, kuma ana sayar da ita a kowace ranar kasuwa. In za ka ba wani kiwo a ƙauye, a faɗi rabon a gaban shaidu, a faɗi abin da za a yi in dabba ta mutu ko an sace ta. A yankunan da ɓarayin shanu suka addaba, kada ka tara dukiyarka duka a garke ɗaya.

Sukuk na gwamnatin tarayya, takardar jari marar kuɗin ruwa, mutanenmu da yawa ba su san da shi ba, alhali don irinsu aka yi shi. Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya fara fitar da shi a Satumbar 2017 da naira biliyan 100, ana gina hanyoyi da kuɗin, masu zubawa kuma suna karɓar haya sau biyu a shekara, a mayar musu da uwar kuɗinsu idan wa'adi ya cika. Mafi ƙarancin abin da ake shiga da shi naira 10,000 ne. Wanda aka fitar a Mayun 2025 na shekara bakwai ne, hayarsa kashi 19.75 a shekara, wato mai 100,000 yana karɓar 9,875 duk wata shida. Ba kullum ake sayar da shi ba, sai an yi sanarwa, a cike fom ta banki ko dillalin hannun jari mai rajista. Ka sani cewa a lokacin hauhawar farashi ta haura kashi 20, don haka rage asara ya yi maka fiye da ƙara arziki, kuma in ka matsu ka sayar kafin wa'adi, farashin kasuwar ranar za ka karɓa. Akwai kuma takardar lamunin ajiya da DMO ke sayarwa duk wata daga naira 5,000, sai dai ita kuɗin ruwa take biya, mai kiyaye wannan ya sani.

Hannun jari na kuɗin da ba za ka nema ba ne shekara biyar ko fiye. Ana saye ta hannun dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, a buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin, da sunanka, ka kuma cike fom ɗin da zai sa ribar shekara ta riƙa faɗowa asusunka na banki kai tsaye. Kasuwar tana hawa tana sauka, waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari kafin faɗuwar 2008 har yau suna tunawa. Wanda ba shi da lokacin bin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, akwai asusun haɗaka masu bin tsarin shari'a, da ba sa saka kuɗi a giya, caca ko bankunan ruwa.

Zinare ajiyar mata ce tun kaka da kakanni, kuma da naira ta faɗi ya riƙe darajarsa. A saya da awo, a karɓi rasit mai nauyi da lambar karat, a zaɓi ƙira marar duwatsu, don ranar sayarwa kuɗin ƙira da nauyin dutse ba sa dawowa.

Fili shi ne na ƙarshe a jeri, don ba ya sayuwa da gaggawa. Filin awon igiya yana da araha, haɗarinsa kuma a sayar wa mutum biyu, ko ya faɗa kan hanya ko makarantar da gwamnati ta tsara. Kafin ka biya, ka ga mai unguwa da maƙwabtan filin, ka bincika a ofishin filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, idan kuma na gado ne ka tabbata duk magada sun sa hannu. Kana saye ka kafa alama ko ka ja harsashi.

Masu alƙawarin ninki

MMM ta yi alƙawarin kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana talatin, ta ɓace a Afrilun 2025. Suna ne ke canzawa, dabarar ɗaya ce: kuɗin sabon shiga ake biyan tsoho da shi, shi ya sa suke ba ka lada idan ka kawo wani. Abin da ya fi ciwo, wanda zai jawo ka ba baƙo ba ne, abokin aikinka ne ko 'yar ajinku a Islamiyya, ta nuna maka alat na gaske, ita ma ba ta san ramin da take kai ba. Ka yi tambaya uku: me suke sayarwa da ke kawo wannan riba, suna cikin jerin masu rajista a shafin SEC, kuma me ya sa gwamnati ta biya kusan kashi 20 a shekara a sukuk na 2025 su suna biyan haka a mako? Takardar rajistar kamfani kaɗai ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara goma ga masu irin wannan harka, amma ɗaurin wani ba ya dawo maka da kuɗin makarantar yara. Lambar sirri ta kati da lambar da banki ke turowa ta saƙo kuwa, ko wanda ya kira ya ce shi ne manaja, ba a faɗa.

Tsufa, zakka, da shafin ƙarshe na littafin

Ma'aikaci ya riƙa duba asusun fanshonsa. Dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, kuma ana samun wuraren da suke cirewa ba sa turawa. Tun 2019 mai sana'ar kansa ma yana iya buɗe ƙaramin asusun fansho ya riƙa zuba abin da ya samu, kuma tun 2021 akwai rukuni na shida na asusun fansho, marar kuɗin ruwa, ga mai so.

Ka tsayar da rana ɗaya a shekarar Musulunci ta lissafin zakka. Idan tsabar kuɗi da zinaren ajiya da kayan sayarwa sun kai nisabi, kimanin darajar giram 85 na zinare, kuma shekara ta zagayo, ɗaya cikin arba'in ake fitarwa. Amfanin gona da dabbobi suna da nasu lissafi, ka zauna da malamin unguwa ya warware maka.

A shafin ƙarshe na littafin nan ka rubuta sunan kowane banki da kake da asusu, kamfanin fanshonka, lambar CSCS, inda takardar fili take, wanda dabbobinka ke hannunsa, waɗanda kake bi da waɗanda ke binka. Banda lambobin sirri. Akwai marayun da suke kwana da yunwa alhali kuɗin mahaifinsu na kwance a asusun da babu wanda ya san da shi. Ka nuna wa uwargida da babban ɗanka ko ɗan'uwan da ka amince da shi inda littafin yake, ka kuma sabunta shafin duk ranar da ka zauna lissafin zakka.